Matar da Ta Tsaya a Layin Wani

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin nan guda uku ba, kuma ba na roƙon Allah Ya mantar da ni. Kun ce tunda zan ajiye aiki in bar muku wani labari. Na san wanda kuke so ku ji, na ranar da na kori 'yan jagaliya da tsintsiya. Wannan kowa ya san shi, har an ƙara masa gishiri. Wanda zan ba ku yau ba na dariya ba ne. Ni ban yi karatu ba, baki nake faɗa Malama Hadiza mai buga takardun ofis tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri.

Sunana Iya Rabi. Da shara na fara a ofishin ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu a nan Daura, tun lokacin da soja suka sauka aka dawo mulkin farar hula. Na yi aiki ƙarƙashin mutum huɗu. Na farko tsohon hedimasta ne, mai tsawa da tsabta. Na biyu ɗan kasuwa ne, wanda zuwansa ofis sai da sanarwa kamar watan Sallah. Na uku ya ci zaɓe, aka yi ta shari'a a kansa har wa'adinsa ya kusa ƙarewa bai zauna da daɗi ba. Na huɗu shi ne wanda labarin nan ya faru a zamaninsa, ba zan kama sunansa ba, Onarabul kawai zan ce. Jam'iyya ta canza, fentin bango ya canza, hoton da ke saman tebur ya canza, ni da tsintsiyata da bishiyar darbejiya ta tsakar gida muna nan.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su sani ba. Ɗan majalisa yana Katsina daga Litinin zuwa Alhamis, ana zaman majalisa. Ranar Juma'a ya dawo gida. Asabar daga hantsi zuwa azahar ya zauna ganin jama'a. Maza ta zaure suke shiga, sakatare ya rubuta sunansu. Mata kuwa ta ƙaramar ƙofar gefe, su zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Tun zamanin hedimasta aka ga matan ƙauye ba sa sakewa da namiji mai biro, sai aka ce ni in tsare ƙofar mata. Ni ke cewa wance ki shiga, wance ki jira. Ba a taɓa rubuta wannan matsayi a takarda ba, amma macen da ban ɗaga mata labule ba, ba za ta ga Onarabul ba.

Abin da ya ba ni wannan kujera ido ne. Ba na manta fuska. Idan na ga mace sau ɗaya a layin zaɓe, bayan shekara goma zan gaya maka layin da ta tsaya da zanen da ta ɗaura. Shugabannin jam'iyya suna cewa sakatare yana da rajista, amma rajistar gaskiya tana kan Iya Rabi. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Onarabul da bakinsa ya ce mini ranar da ya kama aiki, kowa ya zo a shigo da shi. Su kuma shugabanni suka ja ni gefe suka ce namu tukuna, waɗanda suka sha rana dominmu, saura in lokaci ya rage. Na ɗauki ta shugabanni, don ita ta yi daidai da zuciyata.

A babban zaɓe ba mai sanin inda ka dangwala, kai da Allahnka da akwati. Amma a shekarar da Onarabul ya fito, zaɓen fid da gwani na jam'iyyarmu ƙato bayan ƙato aka yi. Wato a kowace gunduma za a ɗaga hoton kowane ɗan takara, masu sonsa su yi layi a bayan hoton, a ƙirga kawuna da rana tsaka kowa yana kallon kowa. Mu tsofaffi mun san irinsa tun da can, kuma mun san yadda yake raba zumunci. Mutum biyu ne suka tsaya, Onarabul da wani Alhaji mai dillancin shanu. Aka tura ni wata gundumar ƙauye ta gefen hanyar Dutsi in kula da layin mata a filin firamare.

Ina tsaye sai ga ayarin matan Fulani daga wata ruga, sun fi goma, wata doguwar dattijuwa mai baƙin zane na saƙi tana gaba. Tana da tabo a haɓa. Ta kawo su har bakin layinmu, ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera ƙwarya, har da gyara wa wata goyo. Na ce a raina madalla. Da ta gama sai ta juya, ko kallon hoton Onarabul ba ta yi ba, ta taka ta je layin Alhaji ta tsaya ita kaɗai a ƙarshe, kanta a sunkuye. Na bi ta na ce baiwar Allah kin yi ɓatan kai, ga layinku can. Ta ce ba ta yi ba. Na ce duk 'yan gidanki suna can. Ta ce ta sani. Da ƙyar muka ci gundumar nan. Na ajiye fuskarta a inda nake ajiye irinsu.

Bayan shekara biyu, cikin damina, wata Asabar da safe na ɗaga ido na gan ta a bakin ƙofa. Zanen nan ne, tabon nan ne, ƙafafunta duk taɓo har sangali. Ta yi sallama ta zauna a ƙarshen benci. Na bar ta har na shigar da mata wajen takwas kafin na je kanta. Na tambaye ta wa take nema. Ta ce mai ofishin. Na ce mai ofishin ba shi da suna ne? Ta kau da kai. Na ɗauka raini ne, wato har yanzu sunansa ma ɗaci yake mata. Na tambayi abin da ya kawo ta, ta ce magana ce tsakaninta da shi. Na ce to ta jira. Ta jira har aka kira azahar, motar Onarabul ta fita ta ƙofar gaba. Na ce mata yau an tashi. Ta ce Allah Ya kai mu wata Asabar, ta miƙe ta tafi.

Asabar ta biyu ta riga kowa zuwa, na tarar da ita a bakin ƙofa kafin in buɗe. Bisa ƙa'ida ita ce ta farko. Na ce ta zauna. Can da hantsi ta taso ta durƙusa kusa da ni, da murya ƙasa-ƙasa ta ce mai gidanta ne ba shi da lafiya. Da jin haka na ce na gane, kuɗin magani ne, abin da rabin matan bencin nan suka zo nema ke nan. Na ce mata asibiti yana can, nan ofis ne. Ta ce ba magani ta zo nema ba. Matan jam'iyya suna zaune suna jinmu, ni kuwa baki ya ɗebe ni don in burge su.

Na ce, "'Yar Fulani, ni fa ban manta ki ba. Filin firamare, layin Alhaji, ke ce ta ƙarshe. Ki je wajen wanda kika tsaya wa, gidansa ba ɓoyayye ba ne."

Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce Iya Rabi rediyo mai jini. Ita kuwa ta dube ni, karo na farko ke nan da ta dubi tsakar idona. Ta ce, "Haka ne, Hajiya. Na tsaya." Ba ta ƙara komai ba. Ta koma ƙarshen benci ta zauna har azahar.

Asabar ta uku an kwana ana ruwa, mata ba su fi biyar ba. Babu hujjar cika, babu hujjar lokaci. Ta zo jiƙe sharkaf, da ƙaramar ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Na shigar da biyar ɗin nan na gama tun kafin rana ta ɗaga. Onarabul ma ya leƙo ta labule ya ce, Iya, akwai saura? Ita tana gefen bishiya, da ta ji muryarsa sai ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce a raina dubi ƙiyayya, ko ganinsa ba ta son yi, amma tana son aljihunsa. Na ce masa babu kowa, ranka ya daɗe. Ya saki labule.

Ku lura da wannan. Ba mantuwa na yi ba, ba kuskure ba ne. An tambaye ni, na yi ƙarya. Da azahar ta miƙo mini ƙwaryar ta ce man shanu ne, a ba shi. Na ce a ajiye can. Da yamma na ba mai gadi kyauta ya tafi da shi gida, ko gaya wa Onarabul ban yi ba.

Asabar ta huɗu ba ta zo ba, na ce ta gaji. Ranar Litinin da sassafe sai ga Malam Ado direba ya shigo ofis fuska a murtuke, ya ce Onarabul ya fasa tafiya Katsina, za a je ta'aziyya, kuma ana son mace ɗaya daga ofis ta shiga wajen mata. Na yafa mayafi na bi su. Mota biyu muka yi, ni ina ta baya tare da Malam Ado, don Onarabul ya ce shi zai ja tasa da kansa.

A hanya na tambayi wanda ya rasu. Malam Ado ya daɗe yana jan motar gidan su Onarabul, tun mahaifinsa yana raye. Ya ce Baffa Julɗe ne, wani tsohon makiyayi, tun ranar Alhamis aka binne shi, shi ma jiya ya ji a bakin wani ɗan rugar da suka haɗu a kasuwar shanu. Na ce me ya haɗa Onarabul da makiyayi har zai fasa zaman majalisa. Ya ce ai ba kowa ya sani ba. Mahaifiyar Onarabul wajen haihuwarsa ta rasu. A lokacin akwai wata 'yar Fulani mai kawo nono gidan, matar Baffa Julɗe, ta haifi ɗanta na fari bai yi sati biyu ba ya koma. Sai aka ba ta jaririn ta shayar. A rugar ya tashi, ya bi Baffa Julɗe kiwo har ya kai shekara bakwai, sannan mahaifinsa ya ɗauko shi aka sa shi makaranta. Duk Sallah Malam Ado ke kai shi can ba tare da 'yan rakiya ba. 'Yan rugar sun yi ta kiran lambar Onarabul tun da tsoho ya kwanta, ashe tun da ya ci zaɓe lambar tana hannun wasu, ba a ɗauka.

Malam Ado ya ce abin da ke ba shi mamaki da matar nan, Inna Dije, kunya. A matsayin ɗan fari ta riƙe shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, in ya shigo ta kan juya baya. Ba ta taɓa taka gidansa ba, ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. Ina jin haka na tambaye shi yaya kamanninta. Ya ce doguwa ce, tana da tabo a haɓa.

Ban san yadda na sauka daga motar nan ba. Tafiyar da muka yi daga titi zuwa rugar cikin taɓo ta isa mutum ya gaji, kuma ita ta yi ta sau shida a ƙafa. Aka kai ni bukkar mata. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta ɗago ta gan ni, ta gane ni sarai. Ta ce, "Maraba da Hajiya. Kin sha hanya." Ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo mini kindirmo. Na yi mata gaisuwa.

Can sai Onarabul ya zo bakin bukkar ya tsuguna a waje, babu hula, idanunsa jajur. Ta juya ta fuskanci bango. Wata surukarta ta zauna tsakani, ita ake faɗa wa magana ta maimaita, ko da yake kowa yana jin kowa. Ya yi ta'aziyya. Sannan ya ce a tambayi Inna me ya sa ba a aiko masa ba, mako nawa Baffa yana kwance. Surukar ta buɗe baki za ta amsa da kanta, Inna Dije ta dafa mata gwiwa.

Ta ce, "Ki gaya masa marigayi ya ce babba ba a aika masa yaro, ni in je. Na je. Na tarar jama'a sun yi yawa, kowa da damuwarsa, na ji nauyi na dawo. Laifina ne."

Ya ce a tambaye ta wa ta tarar a ƙofa. Ta ce, "Ki gaya masa mutanen kirki na tarar. Sun ba ni wurin zama a inuwa."

Ina zaune taku biyu daga inda take, ƙwaryar kindirmo a hannuna. Nan ne wurin da ya kamata in ce ƙarya ne, ranka ya daɗe, ni ce. Ban ce ba. Ni da ake tsoro, ni da na kori 'yan jagaliya, na sunkuyar da kai ina kallon ƙwaryar.

Bayan ya koma wajen maza, surukar ta fita, muka rage mu biyu. Na matsa na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, kwanansa ne ya ƙare. Na ce don Allah me ya sa ba ta gaya mini ko ita wace ce ba. Ta ce da wane baki za ta zauna cikin mata ta ce ni ce uwar wane. Na ce to layin fa, me ya kai ta layin Alhaji. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

Ta ce, "Hajiya, ke Bahaushiya ce, kin san kara. Wa ke tsayawa bayan hoton ɗansa rana tsaka mutane na kallo? Na kai masa duk wadda na isa da ita. Ni kuma na je na tsaya wa ɗan wani, kada a ce mun yi son kai."

Na san kara. Uwata har ta mutu ba ta kira sunan yayana ba. Ni kaina ɗan farina a gidan yayar mijina ya tashi, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Abin da na gani a filin nan, da wanda na gani ƙarƙashin darbejiya, da a gidan biki na gan shi da tun daga nesa zan ce wannan uwa ce. Amma da yake a wajen siyasa na gan shi, sai idona ya karanta mini gaba.

Surukar ce ta ƙarasa ni, muna fita tana raka ni. Ba da nufi ta faɗa ba, ba ta san ni ba. Ta ce duk Asabar tsohon yakan sa a fito da shi bakin bukka a jingine shi yana kallon hanya. In Inna ta dawo da la'asar ya ce, ya zo? Ta ce yana nan tafe. Sandarsa ta kiwo yake so ya damƙa masa da hannunsa, da wata magana da ya ce ba zai faɗa wa kowa ba sai shi. An ba Onarabul sandar. Maganar ta tafi da mai ita.

Kusan kwana arba'in na yi ina share ofishin nan ina ɗaga labule, abinci ba ya mini daɗi. Ranar da aka yi sadakar arba'in muka dawo, na jira kowa ya watse, na shiga na durƙusa na faɗa wa Onarabul komai. Asabar uku, dariyar mata, ƙaryar da na yi masa ta labule, har da man shanun da na ba mai gadi. Na kwance makullin ƙofar mata daga haɓar zanena na ajiye a kan tebur. Ya daɗe yana kallon sandar da ya jingine a kusurwa.

Ya ce, "Iya, Inna ta ce mutanen kirki ta tarar. In na kore ki na ƙaryata ta, ni kuwa ban isa ba. Ɗauki makullinki."

Na ce ranka ya daɗe, gara ka yi mini faɗa. Ya ce ba zai yi ba. Ya ce shi ma lambarsa ya bar wa wasu, kowa ya ji da nasa. Daga ranar har ya sauka daga kujerar bai sake ta da maganar ba, bai kuma taɓa canza mini fuska ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga nan na canza tsarin ƙofa. Wadda ta fara zuwa ita ke fara shiga. Wadda ta ƙi faɗin abin da ya kawo ta, ita na fi gaggawar shigarwa. Shugabannin jam'iyya suka ce Iya Rabi ta tsufa, ƙwaƙwalwarta ta tafi, ba ta gane namu da na wasu. Na bar su a haka. Har yau ina gane kowa, ko a yanzu zan iya jera muku layin filin firamaren nan daga farko har ƙarshe.

Ke da za ki gaje ni a ƙofar nan, da ku masu biro a zaure, ga abin da na sani. Kujerar nan na ga mutum huɗu a kanta, za a yi na biyar da na shida, kuma kowannensu za a kawo muku labarin wa ya tsaya masa wa bai tsaya ba. Ido yana gaya maka inda mutum ya tsaya, ba ya gaya maka dalili. Kuma a ƙasar nan tamu, wanda ya fi kowa haƙƙi a kan mai ofis sau da yawa shi ne wanda ba zai buɗe baki ya faɗa ba. Mai kururuwa zai shiga ko ba ku. Ku duba ƙarshen benci.

Inna Dije tana nan da ranta. Duk damina takan aiko mini da man shanu a ƙaramar ƙwarya, an rufe da faifai. Ina karɓa da hannu biyu, don mayarwa rashin kunya ne. Ban taɓa iya ci ba.